Karen Farauta Mai Tsallake Katanga

Tambaya: Karen farautata kullum sai ya fice daga gida. Yaya zan yi? Daga wani mafarauci, Ɗankaza, Wudil.

Amsa: Malam, zaman banza ne ke korar karen da ya saba da daji, musamman da damina da aka jingine farauta. Riƙa zagayawa da shi safe da yamma, ka ɗaga katanga ta kai mita 2, ka binne duwatsu a gindinta saboda haƙa, ka kawar da duk abin da yake takawa ya haura, kamar turmi. Wasu za su ce sarƙa ta wadatar, amma ɗaurin kullum yana ƙara masa faɗa, kuma sarƙar na iya shaƙe shi in ya yi tsalle. Yi masa rigakafin haukan kare duk shekara, domin yaran maƙwabta da awakinsu amana ne a wuyanka.