Gashin Kaza a Bakin Ƙugiya: Darasi Ga Masu Zuwa Fatsa



Kwanakin baya wata uwa ta zo ofishin kariya inda nake aikin tafinta, tana kuka da ɗanta. Kullum sai ya ɗebi garin da aka raba musu ya kwaɓa ya sa a ƙugiya, kuma sau da yawa ya dawo hannu Rabbana. Ban ga laifin yaron ba. Ƙasa ta bushe, tana ta yi nisa, hanjin kaza kuwa yanzu na miya ne. Shi ya sa na roƙi wuri a wannan takarda in bayyana yadda ake kama kifi da gashin tsuntsu, ba tare da an taɓa abincin gida ba.

Mu da muka tashi a Mai Wurno da ƙauyukan bakin Nil Azrak, daga Sinnar har tafkin Rusairis, ba baƙin ruwa ba ne. Iyayenmu sun san taru da birgi da mamari. Amma jirage da kayan su duk sun tsaya can, wasu tun rikicin Yuli 2022, wasu da faɗuwar Wad Madani a Disamba 2023, wasu da ta Sinja a tsakiyar 2024. Abin da ya rage wa yawancinmu ƙugiya ce biyu ko uku da ɗan zare. Ɗaura gashi a ƙugiya dabara ce da Turawan Ingila suka shahara da ita. Ni ma a wurin wani abokin aiki na gani, kuma da farko dariya na yi.

Kifin da ke farauta da ido ne kaɗai gashi yake ruɗa. Tsage, wanda Larabawa ke ce wa kas, yana bin ƙananan kifi. Kawara tana cafke ƙwarin da suka faɗo saman ruwa. Ƙaramin giwan ruwa ma yakan kai bara. Tarwaɗa da ƙurungu kuwa da hanci da gashin baki suke neman abinci a ƙasa, kada ka ɓata musu lokacinka. Karfasa sai jefi-jefi. Haka kuma lokacin ambaliya, daga Yuli zuwa Satumba, sa'ad da ruwa ya zo jawur da lakar Habasha, kifi ba ya gani. A jira ruwa ya kwanta ya yi garau.

Kafin ka ɗauki gashi, tambayi kanka: ƙwaro nake so in kwaikwaya, ko ɗan kifi? A nan duk zaɓin yake.

In ƙwaro ne, kana son abin da zai tsaya a saman ruwa. Nemi gashin wuyan zakara, dogayen nan sirara masu sheƙi. Lanƙwasa ɗaya a yatsanka. In silin ya miƙe tsaye ɗaya-ɗaya kamar ƙaya, mai kyau ne. In ya manne da juna ya kwanta, zai sha ruwa ya nutse. In karan tsakiya ya karye, gashin ya bushe da yawa, sai ka jiƙa shi ɗan lokaci ka sake gwadawa. Tsohon zakara ya fi ɗan tsako ba da irin wannan. Ana naɗa shi sau uku ko huɗu a wuyan ƙaramar ƙugiya, silin ya bazu kamar ƙafafun fara, tsawonsa ya ɗan wuce faɗin bakin ƙugiyar kaɗan.

In ɗan kifi ne, akasin haka kake nema: gashi mai laushi da zai yi ta motsi a cikin ruwa ko da ba ka ja ba. Farin gashin ƙirjin kaza yana yi, da lallausan nan na gindin cinya. Na zabo ya fi su duka a wurina, domin ɗigo-ɗigonsa in ya jiƙe sai ka rantse ɓawon kifi ne. Ka ɗaura fari a ƙasa, mai duhu a sama, yadda Allah ya halicci kifi, ciki fari baya baƙi. Tsawon ya kai ninki biyu na ƙugiya. In ya wuce haka kifi zai cizo jela ya bar maka ƙarfen. Gashin agwagwa yana da maiƙo, ba ya saurin jiƙa, saboda haka ya fi dacewa da na saman ruwa. Gashin jelar farar akuya ko gemun bunsuru kuwa ya fi na tsuntsu jure haƙorin tsage.

Kuskuren kowane sabon hannu shi ne cika gashi. Yaro yana ganin in ya tara zai fi kyau, sai abin ya zama dunƙule kamar tsumma. Tsunkule kaɗan ya isa. Zuba ruwa a kwano ka ja ƙugiyar a ciki, idonka zai gaya maka gaskiya kafin ka yi tafiyar banza zuwa bakin kogi.

Ga mata masu gyaran kaza: don Allah a fige na wuya da na ƙirji a bushe, kafin a tsoma ta a ruwan zafi, domin ruwan zafi yana kashe gashin. A wanke da sabulu, a shanya a inuwa, a adana a leda da busasshen ganyen darbejiya saboda asu. Wanda ke son launi ya jiƙa farin gashi a lalle kwana ɗaya, yana kamawa sosai.

Zaren ɗinki ya isa ɗauri, in an goge shi da kakin zuma. Ni da na fara, ƙaro na shafa a kan ƙullin don ya riƙe, na manta cewa ƙaro a ruwa yake narkewa. Jifa uku gashin ya kama gabansa. Ƙulli huɗu masu kyau sun fi. Siririn yanki na ledar biskit mai ƙyalli, in an naɗa a jikin ƙugiya, yana jawo ido. Tsage yana yanke zare da haƙori, don haka a sa masa sili ɗaya na wayar birkin keke, tsawon taƙi, tsakanin ƙugiya da zare. Da yake gashi ba shi da nauyin jifa, a yi amfani da doguwar gora, ko a ɗaura guntun karan dawa kamu biyu sama da ƙugiya. Na ɗan kifi ana jan sa kaɗan-kaɗan ana tsayawa, da sassafe ko gab da magariba.

Yanzu bari in yi magana da bakin ofishinmu. Kada a tsinci gashin tsuntsun da aka tarar matacce ko kazar da ta mutu da ciwo, domin murar tsuntsaye tana kama mutum. Daga kazar da aka yanka lafiyayya kawai za a ɗauka, kuma a wanke hannu. Mutanen Jazira kun san tsargiya daga ruwan tur'a: a tsaya a gaɓa, kada a shiga ruwan da ba ya gudu, yaron da ya ga jini a fitsari a kai shi asibitin sansani. Yaro ba ya zuwa kogi sai da babba, saboda kada da zurfi. Ƙarfen da ba ka san shi ba a bakin ruwa, kada ka taɓa, ka dawo ka faɗa mana. Ruwan nan kuma yana da masu shi tun kafin zuwanmu, a nemi izinin shugabannin masunta na gari kafin a jefa ƙugiya. Mun ga abin da rigimar ƙasa ta jawo mana a 2022.

Gidan sauron da aka raba na kwanan yara ne. Wanda ya mai da shi koma ya kwashe 'ya'yan kifin baɗi, ya kuma bar nasa 'ya'yan ga zazzaɓi. Wanda ya ɗaura ƙugiyarsa ta ƙi tafiya daidai a kwano, ya kawo ta ofishin kariya bayan la'asar mu duba tare.