Antibodi da furotin masu kama kalsiyam: wa ya kama wa?

'Yan SLT, duk wanda ya taɓa zuwa kemis a Unguwar Tudu ko Kabo aka ɗiga jininsa a kan ɗan tsinken gwajin maleriya ya riga ya ga antibodi yana aiki. Layin da ke fitowa, antibodi ne ya cafke wani furotin na ƙwayar cutar. Da wannan dabarar ake farautar furotin masu kama kalsiyam a cikin sel.

Kalsiyam da ke yawo a cikin sel ya gaza na waje da kusan ninki 10,000. Da zarar ya ɗan ƙaru, sel ya samu saƙo ke nan: tsoka ta motsa, jijiya ta aika sako gaba. Mai karɓar saƙon da ya fi shahara shi ne kalmodulin, wanda aka gano a 1970. Amino asid 148 gare shi, da gurabe 4 na riƙe kalsiyam.

To, ya ake samo antibodin? A yi wa zomo allurar furotin, jikinsa ya ɗauke shi baƙo, a tace antibodin daga jininsa. Ko kuma a bi hanyar Köhler da Milstein ta 1975 a Ingila, mai ba da iri ɗaya tak, monokulonal. Kalmodulin kuwa ɗan wahala ne: na zomo da na mutum duk ɗaya ne, don haka jikin zomon ba ya saurin ganinsa a matsayin baƙo.

Misalin da na fi so shi ne turoponin. Kashi uku ne: C, I da T. C ne mai kama kalsiyam, amma gwajin bugun zuciya I ko T yake nema. Me ya sa? C na zuciya iri ɗaya ne da na wasu tsokokin jiki, antibodin ba zai bambance su ba. Ka riƙe wannan, irin tambayar da malamai ke so ce.

S100 ma haka: yana taimakawa wajen gano sankarar fata ta melanoma, wadda a wurinmu ta fi fitowa a tafin ƙafa, amma yana rina sel na jijiya da guringuntsi. In za ka rina nama, sai da gilashi na biyu wanda ba ka sa wa antibodin farko ba. In shi ma ya yi launi, kada ka rubuta sakamakon, sake aikin.