Ringin Tsohon Babur: A Fara da Awo

Wani mai sauraronmu daga Mai Wurno, kusa da Sinnar, yana tambaya: tsohon babur ɗinsa Honda CG125 yana hayaƙi yana shan man inji, ina zai samu ringin fistan na asali?

To Malam, kafin ka ɗauki hanyar Wad Madani neman kaya, sa bakanike ya buɗe injin ya auna silinda. Wannan samfurin babur ya fito tun 1975, faɗin silindarsa milimita 56.5, amma ƙurar yankin Jazira da ta daɗe tana tsallake matatar iska ta cinye bangonta, musamman ta sama inda ringi yake juyowa. Sabon ringi a cikin silindar da ta zaizaye ba zai tsayar da hayaƙi ba. Sai an gyara ramin, a sa fistan da ringi masu ƙarin milimita 0.25 ko 0.50.

Za ka ce wannan aiki da tsada, kuma ringin Japan ya yi wuya. Gaskiya ne. Sai dai injinan Sin da aka kwaikwayo daga CG125 faɗinsu ɗaya, ringinsu yakan shiga muddin kaurinsa ya dace da tsagar fistan. Batun tsada kuwa, buɗe inji sau biyu ya fi gyaran ramin cin kuɗi.

Wajen ɗaurawa, a tura ringin shi kaɗai cikin silinda a duba bakinsa: ratar ta kai kimanin milimita 0.2, domin ƙarfe yana kumbura idan ya yi zafi. Gefen da ke da alama ya kalli sama, kuma kada bakunan ringin su jeru a layi ɗaya.