Gurara ba kwamin wankan otal ba ne

Ni ɗan fito ne, jikan masunta, a Izom aka haife ni, kuma idan ruwa ya ci mutum tsakanin matsirgar Gurara da gadar garinmu, muna cikin waɗanda ake bugo wa waya mu zo nutso. Ina roƙon duk mai shirya wa jama'a yawon buɗe ido, da malaman da ke kwaso ɗalibai a bas, da iyayen da ke biyan kuɗin, su karanta wannan har ƙarshe. Raina a ɓace yake.

Wata Asabar ce cikin watan Satumba. Tun asuba na duba dutsen da muke awo da shi, na ga ruwa ya haura alamar jiya da fiye da taƙi ɗaya. Ja wur yake, yana gangaro da kututture da karan masara. Ranar ko koma ban jefa ba. Da hantsi sai ga bas cike da samari da 'yan mata daga Abuja. Jagoransu wani matashi ne mai baƙin tabarau, a Instagram ya sayar musu da tikiti, ya yi musu alkawarin tseren jirgin roba a kan kumfa irin wanda suke gani a bidiyo. Ya sauke jirage biyu daga saman mota, irin na wasan yara da ake hurawa da famfon keke. Ba hular kwano ko ɗaya. Ba igiyar jifa. Rigunan ceton kuwa masu ruwan lemo ne, sababbi fil, ba su da maɗaurin da ke ratsa tsakanin cinyoyi.

Ya same ni ya ce, "Baba, ina ne ya fi daɗin shiga?"

Na ce, "Ɗana, yau babu. Dubi launin ruwan nan. Ku hau sama ku yi hotunanku a kan tudu, ku ci abincinku, ku koma gida lafiya. Ku dawo a Janairu, ni da kaina zan zagaya da ku."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, a Uganda ma ai haka ake yi. Kai dai faɗi kuɗinka."

Na ce ko nawa zai ba ni ba na shiga, kuma ba na yarda a shiga a gabana. Sai ya kewaye mu. Ya samo wani yaro cikin masu tallan rake da ke cewa su 'yan jagora ne, yaron da ban taɓa ganin filafili a hannunsa ba, ya nuna musu wata hanyar ƙafa ta cikin ciyawa, suka sauka can ƙasa inda ba ma hango su. Ihu ne ya sanar da mu.

Jirgin farko Allah ne kawai ya fitar da shi. Na biyu ya zo kan dandamalin dutse a karkace, ya faɗa inda muke kira tukunya, ruwan baya ya riƙe shi yana juya shi, ya kife da mutum biyar. Huɗu ruwa ya tofo su zuwa kwanciyar ruwa ta gefen hagu, muka tsamo su da kwale-kwale, ɗaya da goshi a fashe. Na biyar ɗin ma ya fito daga tukunyar da ransa. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Ya tsira daga wurin da ya fi haɗari, ruwa ya kawo shi inda ƙafarsa ta taɓa ƙasa, sai ya yi abin da duk baƙo yake yi, ya miƙe tsaye. Ina ta ƙwala masa kira ya kwanta rigingine, amma wa ke jin wani a cikin wannan rugugi? Ƙafarsa ta dama ta shige tsagar dutse, igiyar ruwa ta tanƙwara shi ta gaba, rigar ta zame ta rufe masa fuska. Dole sai an ja igiya daga gaɓa zuwa gaɓa a tallafo ƙirjinsa, kuma kafin ƙanena ya ƙetare da bakin igiyar, mai aukuwa ta auku. Inda ya rasu, ruwan bai kai mini ƙirji ba. Ta sama muka janyo shi, takalminsa ya tsaya a cikin tsagar.

Da muka kwantar da shi, na ji rigar ta yi nauyi kamar an jiƙa bargo. Na sa wuƙa na farke ta. Gutsattsarin soson tsohuwar katifa ne a ciki. Abin da aka sa wa ɗan mutane ke nan aka ce masa rigar ceto ce.

Kafin la'asar mai tabarau ya kashe wayarsa, an neme shi an rasa. Yaron raken ya gudu ƙauyensu. Mu da muka ce kada a shiga, mu aka bari da gawa da amsa tambayoyi. Washegari mahaifin ya zo, dattijo mai natsuwa, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ba wanda ya gaya musu ne?" Na ce, "Alhaji, an gaya wa wanda ya kawo su." Ya jinjina kai, ya yi mana godiya, ya sa mana albarka. Allah ya jiƙan yaron nan, ya ba iyayensa haƙuri.

Tun ranar nake jin maganganu iri biyu a gari. Wasu na cewa kwanansa ne ya ƙare. Wasu na cewa ruwa ne ya karɓi rabonsa na shekara, tunda dama tun zamanin da Gbagyi suna girmama wurin, har ana danganta sunansa da Gura da Rara da ake cewa an bauta wa a can. Na yi imani da ƙaddara. Amma ba aljani ne ya ɗinka soson katifa a cikin riga ba, kuma ba aljani ne ya karɓi kuɗin tikiti ba. Ganganci ne da son kuɗi.

Matsirgar nan tsayinta ya kai wajen mita 30. Ruwan da ke zubowa daga kanta ba ruwan Izom ba ne, daga kudancin Kaduna yake tahowa, ya wuce mu ya bi ta yankin Abaji ya faɗa kogin Neja sama da Lokoja. Ana iya kwana ana tafka ruwa a wajen Kachia, mu nan rana ƙwal, kogi ya cika ya batse kana zaune a kan dutse kana hoto. Sannan akwai dam ɗin Gurara a sama, cikin Jihar Kaduna, wanda ake jan ruwansa ta bututu mai tsawon kilomita 75 zuwa dam ɗin Usuma domin mutanen Abuja su sha. Idan ya cika, rarar nan ƙasa take biyowa. Saboda haka kada ka dubi sama ka ce babu hadari. Dubi ruwan. In ya sauya launi, in ka ga itace da shara suna wucewa, tashi.

Kuma farin ruwa ba ya ɗaukar mutum. Kumfa ce, iska ta cika ta, ko gwanin iyo nitsewa yake yi a ciki. Masu cewa ai sun iya ruwa tun suna yara, a tafki kuka iya.

Shi mai cewa a Uganda haka ake yi, ai bai san abin da ake yi a can ba. A Jinja, kan kogin Nilu, da Zambezi ƙasa da matsirgar Victoria, sana'a ce mai ƙa'ida. Kowace gangara tana da matakinta daga 1 zuwa 6, kuma mataki na 6 sauka ake yi a ɗauki jirgi a zagaye ta ƙasa. Kowa da hular kwano, ga ƙananan jiragen masu ceto suna jira a ƙasan kowace gangara, kuma kafin a taɓa ruwa sai an koya maka yadda za ka yi idan ka faɗa. A Zambezi idan ruwa ya yi yawa rufe harkar ake yi gaba ɗaya. Wa ya auna gangarorin Gurara? Wa ya ba ka izini? Ban ƙi a yi wannan wasa a nan wata rana ba, ni ma zan so yaranmu su ci abinci da shi. Amma ba da jirgin wasan yara ba, ba a watan Satumba ba.

Wani abin kuma, kogin da mahaifina ya koya mini ba shi ne wannan ba. Masu gawayi sun sare itatuwan gaɓa, ƙasa tana zaftarewa, sauran bishiyoyin suna faɗawa ruwa da saiwarsu. Ruwa yana ratsa rassan ya wuce, mutum kuwa maƙalewa yake yi. Masu tifa sun kwashe yashi sun bar gurabe a mashigin da mata ke ƙetarewa bara da kaya a ka, bana yaro ya taka ya ɓace. Ga masu wankin zinare, ga masu zuba gubar gamalin su kashe kifi har da ƙwansa, ga ledar baƙi ko'ina. Mu kanmu da muka san ruwan sai mun sake karanta shi duk bayan damina. Amurka tun 1968 ta yi dokar da ta ware wasu koguna ta hana a datse su da dam. Uganda kuwa da ta buɗe dam ɗin Bujagali a 2012, gangarorin Bujagali da baƙi ke zuwa dominsu sun nitse ke nan. Mu namu muna lalata shi da hannunmu, ba ma a samu ko wutar lantarki a madadinsa ba.

Yankinmu ya ga gawar ruwa har ta ishe shi. A Yunin 2023 sama da mutum 100 'yan biki suka halaka a kogin Neja wajen Patigi. A Mayun 2025 ambaliyar Mokwa ta ci sama da 150. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta daɗe tana cewa kada a hau jirgi ba rigar ceto, amma riga ta gaske ake nufi. Matsa ta da hannu. In ta lotse kamar katifa, jefar da ita. Ina roƙon Gwamnatin Jihar Neja da Ƙaramar Hukumar Gurara su tantance 'yan jagora, su ajiye igiya da masu ceto a bakin ruwa ranakun Asabar da Lahadi da lokacin Sallah da Kirsimeti.

Malamai, ku daina kawo bas guda da malami ɗaya. Dutse mai gansakuka santsi gare shi, ko da rani. Kada a yi maye a shiga ruwa.

In ka faɗa ruwa mai gudu, kada ka miƙe. Kwanta rigingine, ƙafafu gaba, har sai ruwa ya kwanta. Na sake faɗa, kada ka miƙe.

In ɗan gari ya ce yau babu, to babu. Wanda ya ce maka akwai bayan an ce babu, kuɗinka yake so, kuma ba shi zai yi nutso ba.