Gansakuka a Tankin Kifi na Gida

Gansakuka ita ce koren tsiron nan mai santsi da kan lulluɓe tankin kifi. Hasken rana ne ke raya ta, ragowar abinci da kashin kifi kuwa su ne takinta. A Maiduguri, inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, takan yaɗu cikin 'yan kwanaki. Da dare takan shanye iskar da kifi ke shaƙa a ruwa, shi ya sa akan wayi gari sun mutu.

Saboda haka, a ajiye tanki a inuwa, a rage abinci, a riƙa goge gilashin, sannan a sauya rubu'in ruwan duk mako. Ruwan famfo kuwa, a bar shi ya kwana tukuna, domin sinadarin kulorin ya fice.