Karanta Goshin Saƙo Kafin a Taɓa Matatar Imel

Matatar imel manhaja ce da ke zaune a kan sabar, wato kwamfutar da ke karɓar wasiƙun ma'aikata tana rarraba su, aikinta kuwa shi ne ta auna kowane saƙo, ta ba shi maki gwargwadon kamarsa da saƙonnin shara na talla da damfara. A ƙananan ofisoshin unguwar Poumpoumré da sauran sassan Garwa, inda galibi mutum guda ke kula da sabar da firinta da layin intanet gaba ɗaya, koke biyu ne ke yawan zuwa: ko dai shara ta cika akwati, ko kuma takardar kuɗin da ake jira daga Yawunde ko Duwala ta yi ɓatan dabo. Abin da aka saba yi shi ne a ɗaga iyakar maki ko a sauke ta, alhali wannan ya kamata ya zo a ƙarshe, domin dalilin matsalar yana nan rubuce a goshin saƙon.

Goshin saƙo shi ne layukan da ke gaba da rubutun wasiƙa, waɗanda mai karatu ba ya ganinsu sai ya nema, kuma kowace sabar da saƙon ya ratsa takan buga nata layin kamar yadda gidan waya ke buga hatimi a bayan ambulan. Matatar SpamAssassin tana ƙara layin X-Spam-Status, wanda ke ɗauke da makin saƙon da iyakar da aka gindaya (5.0 ce idan ba a sauya ba) da sunan kowace ƙa'idar da ta kama shi.

Idan layin ba ya nan, wannan bai tabbatar da cewa matatar ta mutu ba. Manhajar Amavis, wadda ke tsakanin Postfix, manhajar da ke karɓar wasiƙu a sabar, da SpamAssassin, ba ta buga alama sai ga adireshin da aka shaida mata cewa na gida ne, kuma sai makin ya kai wani ƙaramin mataki. Ita kuwa spamc, manhajar da ke miƙa saƙo ga SpamAssassin, takan ƙyale duk saƙon da ya haura kilobait 500 ya wuce ba bincike, abin da ke faruwa kullum a ofishin da ke aika hotunan takardu. Akwai saƙon gwaji mai suna GTUBE wanda dole matata mai aiki ta kama shi, kuma da shi ake fara bincike.

Kuskuren da ya fi ɓarna, wanda kuma aka fi jinkirin ganowa, shi ne wanda ke bayyana da sunan ALL_TRUSTED a kan saƙon da ya fito daga waje. Ofisoshi da yawa suna ajiye sabar a bayan na'urar raba intanet, sai matatar ta kasa bambance na gida da baƙo, ta ɗauka cewa saƙon bai ratsa ko'ina ba sai amintattun hannaye, ta rage masa maki, ta kuma daina duba adireshin sabar da ta aiko shi a jerin adireshin da aka sani da shara. Maganinsa layi guda ne, a rubuta adireshin gida a ƙarƙashin trusted_networks. Haka nan URIBL_BLOCKED yana nufin masu riƙe da jerin sun ƙi amsa tambaya, saboda sabar tana tambayarsu ta mafassarin suna na kowa da kowa, irin 8.8.8.8 na Google, wanda ya riga ya wuce ƙa'idar yawan tambaya, don haka sai an kafa wa sabar nata mafassarin.

Batun harshe ma yana da nauyi a Garwa, inda wasiƙa ɗaya kan haɗa Faransanci da Fulatanci da Hausa. Sashen matatar da ke koyo daga misalai, wanda ake kira Bayes, ba ya fara aiki sai an nuna masa saƙon shara 200 da na kirki 200, kuma wajibi ne na kirkin su fito daga wasiƙun ofishin kansa, a kuma yi horon da asusun da matatar ke aiki da shi, in ba haka ba ilimin zai tafi wani rumbu dabam. Agogon sabar da ya koma baya bayan ɗaukewar wuta shi ma yakan sa sahihin saƙo ya zama kamar an rubuta shi gobe.

Ta fuskar saƙon da ke fita, adireshin .cm, wanda hukumar ANTIC ke kula da shi, ya daɗe yana shan zargi saboda masu damfara da ke cin gajiyar kamarsa da .com, har rahoton McAfee na 2009 ya sa shi a gaba wajen haɗari. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharaɗin shaidar SPF ko DKIM, wato hujjar cewa sabar tana da izinin aikawa da sunan ofishin, kuma ana ganin sakamakon a layin Authentication-Results. Ra'ayin marubucin shi ne kada ƙaramin ofis ya bar matata ta goge saƙo da kanta. Ta buga masa alama, ta tura shi wani akwati na dabam da ake dubawa duk mako, domin saƙon da aka goge ya tafi tare da goshin da zai bayyana dalilin kama shi.