Amsoshin Tambayoyinku: Tarihin Birnin Tarabulus

Wani mai sauraronmu daga unguwar Jekadafari a Gombe ya tambaya: shin yaushe aka kafa Tarabulus, kuma me ya haɗa ta da ƙasar Hausa?

To malam, Finikiyawa ne suka kafa ta a gaɓar Bahar Rum a ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga baya Rumawa suka mallake ta, sannan rundunar Amr bin al-As ta ci garin a wajajen shekarar 643. Turkawa sun karɓe ta a 1551, Italiya kuma a 1911.

Game da ƙasar Hausa kuwa, daga Tarabulus ne a da ayarin raƙuma ke tasowa, su bi ta Gadamas da Gat da Agadas har Kano, ɗauke da alharini da takarda da turare, su koma da jemammun fatu da gashin jimina da turkuɗi. Zuwan jirgin ƙasa Kano ne ya karya wannan fatauci.

Har gobe tsohon garin na nan da ransa: ƙofar Marcus Aurelius, da jan gidan sarauta na Saraya, da Masallacin Gurgi.